Amsa ga Malam da ya tambaya kan ƙaninsa da ya faɗo daga bishiyar kuka

Malam, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Ka ce tun da ya faɗo daga kuka a ƙauyenku wajen Ringim, hannuwansa da ƙafafunsa ba sa motsi, kuna shawarar kai shi wurin mai ɗori. Don Allah kada ku yi haka. Idan hannu da ƙafa duka suka mutu bayan faɗuwa, yawanci laka ce ta taɓu a wuya, kuma murza wuyan ko jan sa zai iya ƙarasa lalata ta, har numfashi ya tsaya.

A kwantar da shi a kan katako, wani ya riƙe kansa kada ya juya, a sa shi a mota, ba a kan babur ba. Ku nufi Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, a ɗauki hoton wuyan.

Abin da ya fi damuna shi ne gyambon kwanciya. Tunda ba ya jin zafi, bayansa zai ruɓe ba a sani ba. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, kai da gangar jiki tare, a kuma kula ko fitsari yana fita.