Me ya sa fatuna suke fitowa da tabo bayan jima?

Malam, ka ce fatun awakinka suna fitowa da huji da baƙin tabo, wasu kuma fuskarsu na saluɓewa. Yawancin wannan ɓarna tun kafin fata ta shigo majema ake yin ta.

Hujin daga wajen fiɗa ne. Akuya ba ta son wuƙa mai tsini, a tsaga kawai a bi da hannu. Saluɓewar kuwa ruɓa ce: fata ta daɗe a zafi ba gishiri, ko an shanya ta a ƙasa cikin rana, waje ya bushe ciki na ɗanye. A wanke jini, a kankare kitse, a sa gishiri ran da aka feɗe, shanya kuma a inuwa. Tabon kaska, kirci da lalas ba su gyaruwa, ka ware su tun wajen saye, ko da jar akuyar Sakkwato ce.

Baƙin tabon dai naka ne. Bagaruwar da ake jima da ita ba ta shiri da ƙarfe, in sun haɗu sai fata ta yi baƙi, don haka ka rabu da tsohuwar duro mai tsatsa. Kafin ka tsame fata daga ruwan bagaruwa, yanki gefen wuya ka duba. In tsakiyar fari ce, jima ba ta kama ba, mayar da ita.