Daga Garejinmu: Ƙarar "kas-kas" a saman injin Hemi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Dodge Charger ta 2014 mai injin Hemi 5.7, 'yar Amurka. Wata biyu ke nan tana wata ƙara, kas-kas-kas, daga saman inji, ko ta yi zafi ba ta dainawa. Mun sa mata kwamfuta ta nuna P0305. An canja filogi da kwal, ba ta canja zani ba. Yanzu bakanikena ya ce a yi juye a zuba 20W-50, ƙarar za ta kwanta. In zuba?
Mai karatu daga Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka zuba, kuma ka ajiye motar tukuna. Mai kauri zai iya rufe bakin ƙarar na 'yan kwanaki, amma ƙarfen da ke cin ɗan'uwansa a ciki bai san an canja mai ba.

Fara da kunne. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da kiranshaf ya juya sau biyu. Saboda haka in inji yana sulo a 600, tafet guda mai matsala, wato ɗan ƙarfen da kamshaf ke turawa don a buɗe bawul, zai buga kamar sau biyar a daƙiƙa ɗaya, da sauti siriri kamar na keken ɗinki. Bugun metal kuwa, wato shimfiɗar ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kanta, daga ƙasa yake zuwa, yana da nauyi, kuma yana ƙaruwa in an taka totur. Ɗauki doguwar sukundireba, ka ɗora bakinta kan murfin bawul, ka kara ƙotar a kunne, ka bi silinda ɗaya bayan ɗaya. A wannan injin silinda 1, 3, 5 da 7 suna gefen direba, lamba 5, wadda P0305 ke nufin tana fashi, ita ce ta uku daga gaba.

Akwai abin da ke ruɗa mutane a Hemi, gara a kawar da shi tun farko. Kusoshin da ke riƙe da manifol na salansa suna yawan karyewa, galibi na can baya, sai hayaƙi ya riƙa tsartuwa da ƙara mai kama da ta tafet. Bambancin shi ne wannan da safe take tsananta, in ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe sai ta ragu ko ta ɓace, kuma za ka ga baƙin tabo a gefen manifol ɗin. Taka ba ta dainawa, ga silinda guda tana fashi bayan an canja filogi da kwal. Wannan ya fi kama da tafet.

Kamshaf ɗin Hemi a cikin bulok yake, ƙwaya ɗaya. A kansa tafet 16 ke zaune, kowanne da 'yar taya a gindi, a cikin tayar kuma akwai siraran ƙarafa kamar allurai da take juyawa a kansu. In alluran nan suka lalace, tayar sai ta cije. Daga nan ta daina birgima, ta koma kankarar tozon kamshaf kamar ana goga wuƙa a dutse. Tozo yana cinyewa, bawul ya daina buɗewa sosai, silinda ta fara fashi, garin ƙarfen kuma ya bi mai ya zaga inji.

Kafin a kwance komai, a cire filtar mai a yanka gwangwaninta da abin yanka bututu ko almakashin ƙarfe. Kada a sa zarto, domin garin zarton zai gauraya da abin da ake nema. A zaro takardar ciki, a matse man, a miƙe ta a rana. Ɗan ƙyalli kaɗan ba abin tsoro ba ne. In ka ga ɓarɓashi masu walƙiya a lungun ninkin, kawo maganaɗisu: abin da ya manne ƙarfe ne, daga kamshaf ko tafet, mai ruwan jan gaci da bai manne ba, metal ne ya fara tafiya, fari mara nauyi kuma alminiyam ne.

Sai a buɗe murfin bawul na gefen direba. A cire fiyus ɗin famfon fetur, wani ya murza makulli, kai kuma ka zuba wa rokoki, ƙarafan da ke danna bawul, ido. Tozon da ya cinye sosai ba ya ɓuya, za ka ga roka ɗaya tana ɗan noƙewa kawai alhali 'yan'uwanta na sauka har ƙasa. In ido bai raba gardama ba, a kafa agogon awo mai allura a kan hular sifirin, a juya inji da hannu, a rubuta iyakar saukar kowane bawul. Na shigar iska da na shigar iska ake gwadawa, na fitar hayaƙi da na fitar hayaƙi, don tsayin tozonsu ba ɗaya ba ne. Tunda murfi a buɗe yake, a duba ko sifirin ya karye, a zaro sandunan tura roka a mirgina su kan gilashi, lanƙwasasshe zai yi ɗingishi.

Kada awon kwamfireshan ya yaudare ku. Bawul ɗin da ba ya buɗewa sosai yana rufewa daram, don haka silindar na iya ba da lamba mai kyau alhali tozon ya tafi.

Tambaya: In an tabbatar tafet ne, ba za a iya canja guda ɗayan da ya mutu kawai ba? Kuɗin kamshaf ya yi yawa.
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Ɗan'uwa, a wannan injin tafet ba ya fita sai an ɗaga kan silinda. Wanda ya sha wannan wahalar ya mayar da tsofaffi 15, ya sayi aikin sau biyu. Sabuwar taya a kan tozon da ya karce ba ta daɗewa. Abin da ake yi shi ne kamshaf sabo, tafet 16 da robobin da ke riƙe su, gasket na kai biyu, sannan a duba sarƙar tayimin tunda gaban injin a buɗe yake.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. A sauke kaskon mai na ƙasa a wanke, a wanke rariyar bututun da ke zuƙo mai. A injin 2009 zuwa sama akwai solonoyid mai sarrafa tayimin na kamshaf a ƙarƙashin manifol na iska, yana da 'yar rariya a jikinsa. A zaro shi a duba. In rariyar ta cika da garin ƙarfe, to garin ya wuce filta, dole a buɗe metal a gani kafin a rufe inji. Famfon mai ma a buɗe shi, domin shi ne ke haɗiyar mai kafin ya isa filta. In motar na da kular mai, a canja ta, ba ta wankuwa yadda ya kamata.

Wajen haɗawa akwai tarko biyu. Sandunan tura roka na shigar iska gajeru ne, na fitar hayaƙi dogaye. In aka musanya su, bawul zai gamu da fistin tun murzawar farko. Na biyu, injin da ke da MDS, wato tsarin da ke kashe silinda huɗu don rage shan mai, tafet ɗin silinda 1, 4, 6 da 7 daban suke da sauran, kowanne da mazauninsa. Bayan an gama, a yi juye a kilomita 800, a sake yanka filtar.

Tambaya: Wane mai ya dace da injin Hemi a zafin ƙasarmu? Ana cewa 5W-20 ruwa ne, na ƙasar sanyi.
Mai karatu daga Kano

Amsa: Abin da kamfani ya rubuta wa 5.7 na wannan zamanin shi ne 5W-20, wajen lita 6.6 har da filta. Injin 6.4 na SRT kuma 0W-40. Ko a Kano ko a Kanada, in inji ya ɗau zafi man yana wajen digiri 100 ne, ladireto da tamostat ke riƙe shi a nan. MDS da tayimin na kamshaf duka da matsin mai suke aiki ta ƙananan ramuka, mai kauri yana sa su jinkiri, har kwamfutar motar kan jefo P1521, ma'ana ba ta yarda da man ba. Da safe kuma 20W-50 ya fi daɗewa kafin ya hau sama, a daidai lokacin da ƙarfe ya fi bukatarsa.

Mu dai abin da ya fi damunmu ba lambar da ke jikin galan ba ce, abin da ke cikinsa ne. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, haka jabun filta. Filta ta kirki tana da robar da ke hana mai zurarewa in an kashe mota. In babu ita, za ka ji kwaram-kwaram na daƙiƙa biyu ko uku kowace safiya. Da ƙurar hunturu da cunkoso, kada juye ya wuce kilomita 5,000.

Sai ɗabi'ar barin mota a kunne a sha sanyin AC awa guda a ƙofar gida. Tozon kamshaf da tayar tafet sun dogara sosai da man da ke fantsama da wanda ke gangarowa, a sulo kuwa fantsamar kaɗan ce. Masu aikin Hemi da yawa suna ɗora laifin mutuwar tafet a kan doguwar tsayuwa a sulo, wasu kuma kan ingancin tafet ɗin kansa. Ko ma wanne ne, mita ba ta ƙirga zaman sulo. Mai sayen Charger da 'yan sandan Amurka suka yi aiki da ita ya nemi awannin inji a allon dashbod, kada ya tsaya a kan mil.

Tambaya: Challenger ɗina 6.4 ce. In na sha kwana da gudu fitilar mai takan yi wal ta mutu. Sensa ce?
Mai karatu daga Jos

Amsa: Sensar mai tana mutuwa a waɗannan motocin, takan ba da P0520, amma sensa ba ta san kwana ba. Fitilar da ke kamawa a kwana kawai tana nufin mai ya kwaranya gefe guda na kasko, bututun ya zuƙi iska. Kowane wal ɗin nan metal ne ya gudu a bushe. Duba gejin mai a wuri mai lebur, minti biyar bayan kashe inji, ya kasance a kan layin sama. Kada a zarce shi, kiranshaf zai kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe matsi, tafet ma sai ya yi laushi ya fara ƙara.

In man a cike yake, a cire sensar a ɗaura agogon matsi na hannu, a auna bayan inji ya yi zafi sosai. Tsohuwar ƙa'idar masu haɗa inji ita ce aƙalla psi 10 ga kowane juyi 1,000. Matsin da ya faɗi a sulo amma ya tashi da totur yana nuna metal ko famfo sun saki. Wanda ke rawa ko faɗuwa a babban juyi kuma, rariya ce ta toshe, galibi da guntayen silikon da aka lafta wa kasko, ko bututun na shan iska ta wajen robarsa. In duk wannan lafiya ne kuma wasan kwana za ka ci gaba da yi, sai kasko mai shinge a ciki, wanda ke tare mai a bakin bututun.