Ina tsoron in mutu ban cancanci Mulkin Sama ba

Tambaya: Baba Fasto, na daɗe da yin baftisma, amma har yau fushi yana cin ƙarfina. Wani mai wa'azi ya ce in ban yi azumin kwana bakwai na kuma "shuka iri", wato na ba da kuɗi, a hannunsa ba, sunana ba zai shiga littafin rai ba. Tsoro ya hana ni barci.

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, ki buɗe Kolosiyawa 1:12. Wa ya sa muka cancanci rabo cikin gādon tsarkaka? Uba ne. Afisawa 2:8-9 ta ƙara da cewa ceto baiwar Allah ce, domin kada kowa ya yi fariya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne koyarwar da ta mamaye mutane, wai Almasihu kafin alƙalami kawai ya biya a kan gicciye, sauran bashin mu za mu cika. Kullum sai na ga masu irin wannan tsoro: mace ta shigo da kwalbar mai a jaka, ambulan a hannu, idanu sun yi ja don kuka, tana tambaya ko abin da ta bayar ya isa. Yaushe zai isa? Wanda ya sa mata farashi gobe ma zai ƙara. Wannan ciniki tsoho ne. A Samariya, Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Sayar da takardun gafara a coci ne ya sa Martin Luther, malamin tauhidi a Jamus, ya tashi tsaye a 1517. Ɓarawon nan kuma da aka gicciye kusa da Yesu, wane azumi ya yi? Wane baiko ya kai? Roƙo kawai ya yi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar (Luka 23:43).

Azumi da bayarwa suna da kyau, amma 'ya'yan ceto ne, suna biyo bayansa. Fushin nan ma kada ki yi wasa da shi. Ki tuba, ki nemi gafarar wanda kika ɓata wa rai, ki roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ci gaba da tsarkake ki, domin wanda ya fara aikin a cikinki shi zai kammala (Filibiyawa 1:6). Mai wa'azin nan kuwa, kada ki sake kai masa ko sisi.