Ɓera ya mutu a cikin man shanu: a zubar duka ko a yanke gefe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Man shanu nake sayarwa a wani ƙauye kusa da Ringim. Da sanyin nan na tarar da mataccen ɓera a kan ƙwaryar mai, man ya daskare. Wari ne ma ya kai ni wurin, har ruwan randar da ke ɗakin ya ɗauka. Yaya zan yi da man da ruwan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ruwan randarki tsarkakakke ne, baiwar Allah. A mazhabar Malikiyya, ruwan da warinsa ya canza saboda mushe na kusa da shi, ba tare da ya faɗa ciki ba, ana alwala da shi. Iska ce ta kai warin, kuma a cikin iska abu ya fi saurin bazuwa, domin ƙwayoyinta, wato ƙananan abubuwan da suka haɗu suka zama iska waɗanda ido ba ya gani, a warwatse suke, suna yawo ba shamaki. Masana kimiyya sun auna, saurin ya ninka na cikin ruwa kusan sau 10,000.

Maganar mai ce take son natsuwa. Buhari ya ruwaito daga Nana Maimuna cewa da aka tambayi Annabi (SAW) game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, ya yi umarni a jefar da ɓeran da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Malamanmu sun ɗora wannan a kan daskararren mai, inda ƙwayoyin suke a cunkushe, najasa ba ta samun hanyar ratsawa sai a hankali ƙwarai. Narkakke kuwa, kamar man gyaɗa ko man shanun bazara, najasa tana game shi, balle an girgiza ko zafi ya taɓa shi, don haka ba a cin komai daga cikinsa.

To amma Risala ta kawo togaciyar Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman Malikiyya: idan mushen ya daɗe a ciki, duka ake zubarwa. Jinkirin ratsawa ba rashin ratsawa ba ne, ga shi hantsi yana sassauta mai ko da hunturu. Tunda har wari ya tashi, ki duba da kyau. In ɓeran ya kumbura ko ruwansa ya tsiyaye, ko kin ga saman man ya taɓa narkewa, kada a ci, kada ki kai shi kasuwa. Ana iya kunna fitila da shi, ban da a masallaci. In kuwa gawar a bushe take, man na nan da tauri, ki sa wuƙa ki yanke kewayen da faɗi da zurfi, ki amfana da sauran.

Wallahu a'alam.