BUK ko ABU: ina ya fi dacewa a karanta tattalin arziki?

Ƙanena, ka ce kana zaune a Kano, kana son karanta ilimin tattalin arziki, amma ka rasa wadda za ka sa a zaɓin farko a JAMB tsakanin Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ni dai BUK zan ce maka.

ABU ta girme ta, tun 1962 aka kafa ta, BUK kuwa sai 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. A Zariya za ka yi abokai daga kowane lungu na Najeriya, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne. Amma ka duba aljihun Baba. Duka biyun na gwamnatin tarayya ne, abin da zai cinye kuɗi shi ne ɗaki, abinci da kuɗin mota. A Kano daga gida za ka riƙa zuwa, ka ci tuwon Umma da dare.

Ga kuma kasuwa a ƙofar gidanka. Malami ya yi bayanin hauhawar farashi da safe, da yamma ka leƙa Dawanau ka ga yadda buhun masara ke tashi idan damina ta yi nisa, ko ka zauna a shagon wani a Kantin Kwari ka ga abin da canjin dala ke yi wa kuɗin atamfa. In kuma harkar bankin Musulunci ce ke burge ka, BUK tana da cibiya ta musamman a kanta.

Don Allah ka riƙe lissafi da kyau, domin sai da kiredit a cikinsa za a ɗauke ka, kuma tun ajin farko zai biyo ka har ka gama. Allah ya yi maka zaɓin alheri.