Tiyatar sauya gaɓar ƙugu: yanka a tsaye ko a kwance, wanne ya fi barin tabo?

Tambaya: Za a yi wa mahaifiyata tiyatar sauya gaɓar ƙugu. Likita ya ce ta gaba zai shiga, kuma zai iya yanka a tsaye ko a kwance. Shin wannan zai shafi tabon da zai rage?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Fata tana da layukan da take ja a kansu, waɗanda masanin jiki na Ostiriya, Karl Langer, ya zana a 1861. Ka zauna ka ɗaga gwiwa zuwa ciki, ka duba inda cinya ta haɗu da mara: za ka ga fatar ta naɗe a karkace. Yankan da ya bi wannan naɗin, leɓɓansa suna kwanciya kusa da juna, sai tabon ya fito siriri. Wanda ya gitta shi kuwa, duk zama da tashi ana jan bakinsa, shi ya sa ya fi yin faɗi da kauri.

Yankan gaba da aka saba yana gangarowa a tsaye kan cinya, tsawon santimita 8 zuwa 12, ya gitta layukan. Na kwance, wanda ake kira yankan bikini, Michael Leunig da abokan aikinsa a Zurik suka bayyana shi a 2013. Fatar kaɗai ke bambanta. A ciki hanyar ɗaya ce, tsakanin tsokoki ake bi ba tare da an yanke su ba.

Amma na kwance yana da nasa sharaɗin. Idan ƙashin cinya ya tsage ana cikin aiki, ƙara tsawonsa zuwa ƙasa yana da wuya. Ga mai teɓa kuma, ɗinkin da ya kwanta cikin naɗin fata yana iya jiƙewa da gumi, ya jinkirta warkewa ko ya kama ƙwayoyin cuta. Jijiyar da ke ba gefen cinya ji tana kusa da duka yankan biyu, don haka rashin ji a fatar wurin na iya biyo baya.

Abin da na fi so ku gaya wa likita shi ne ko Mama tana da tabo mai toho, irin wanda ke kumbura ya zarce iyakar rauni, a hujin kunne ko ƙirji. Wannan ya fi yawa ga baƙar fata, kuma kyawun yanka kaɗai ba ya hana shi.

Ana cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. Da rauni ya rufe, a riƙa liƙa filastar silikon aƙalla awa 12 kullum na wata 2 zuwa 3. Idan tabon ya fara tashi da ƙaiƙayi, a koma asibiti a yi masa allurar sitiroyid tun yana ƙarami. Ku tambayi likitan wanne yanka hannunsa ya fi sabawa da shi, ku bi wannan, domin zaman ƙarfen da za a sa a gaɓar daidai ya fi siririn tabo muhimmanci.