Eliyezer ɗan Dodawahu da jiragen da suka farfashe a Eziyon-geber

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. A karatuna na asuba na ci karo da wani annabi mai suna Eliyezer a 2 Tarihi 20:37, wanda ban taɓa jin an yi wa'azi a kansa ba. Ya tsauta wa sarki Yehoshafat don ya haɗa kai da Ahaziya sarkin Isra'ila wajen gina jiragen ruwa. To, ai wannan ciniki ne. Sulemanu ma ya yi irinsa da Hiram sarkin Taya, babu wanda ya tsauta masa. Ina laifin yake? Na yi tambayar ne domin ana nemana in shiga tafiyar wani ɗan siyasa, zuciyata kuwa ba ta kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, kuma ka yi kyau da ka kawo Hiram cikinta, domin amsar tana wurinsa.

Eliyezer aya ɗaya tak ya samu a cikin Littafi Mai Tsarki. An faɗi sunan ubansa, Dodawahu, da garinsu, Maresha, sai saƙonsa: tun da ka haɗa kai da Ahaziya, Ubangiji ya rushe abin da ka gina. Jiragen kuwa suka farfashe. Sunansa da Ibrananci yana nufin "Allahna ne taimako". Garinsu ma yana da tarihi, gama a kusa da Maresha ne Asa, mahaifin Yehoshafat, ya fuskanci rundunar Zera mutumin Kush, ya yi kuka ga Ubangiji, aka ba shi nasara. Wato mutumin da aka aiko wa sarki ya fito ne daga wurin da gidan sarautar ya taɓa ganin taimakon Allah ba tare da ƙawance da kowa ba.

Ka sani Yehoshafat sarki ne na kirki. Ya hau gadon Yahuza yana da shekara 35, ya yi shekara 25 yana mulki a Urushalima, a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. A shekara ta 3 ta sarautarsa ya aika da hakimai da Lawiyawa da firistoci su zaga garuruwa suna koya wa talakawa littafin Shari'a. Rauninsa ɗaya ne: ba ya iya ce wa gidan Ahab, sarkin Isra'ila, a'a.

Abin ya fara da aure. Ya aura wa ɗansa Yehoram 'yar Ahab, Ataliya. Bayan wasu shekaru ya kai ziyara Samariya, Ahab ya yanka masa tumaki da shanu masu yawa, shi da jama'arsa. Sai da aka ci aka ƙoshi Ahab ya kawo maganar yaƙin Ramot-gileyad, garin da ke hannun Suriyawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yehoshafat ya amsa cewa ni da kai ɗaya ne, mutanena mutanenka ne, sa'an nan daga baya ya ce a nemi nufin Ubangiji. Duba yadda ya jera su: alkawari a gaba, addu'a a baya. Sarakunan biyu suna zaune a kujerunsu cikin rigunan sarauta a masussuka bakin ƙofar Samariya, annabawa 400 suna cewa a tafi, nasara tabbas. Ɗaya daga cikinsu, Zadakiya, har ƙahonin ƙarfe ya ƙera yana nuna yadda za a tunkuyi Suriyawa. Mikaiya ɗan Imla kaɗai ya faɗi gaskiya, aka mare shi, Ahab ya sa a kulle shi a kurkuku. Abin da ke ci mini rai a duk lokacin da na karanta wurin nan shi ne Yehoshafat ne ya nemi a kira Mikaiya, ya ji maganarsa da kunnensa, aka tafi da shi a gabansa, bai ce uffan ba, ya hau karusa ya bi Ahab.

A bakin daga Ahab ya ce masa, kai ka sa rigar sarautarka, ni zan ɓad da kama. Sarkin Suriya kuwa ya riga ya umarci shugabannin karusansa 32 kada su kula kowa sai sarkin Isra'ila. Suka hango mai rigar sarauta, suka yi kansa. Da ba don ya yi kuka Ubangiji ya taimake shi ba, da surukinsa ya sayar da ransa a banza. Ahab kansa kibiyar da wani ya harba ba da saiti ba ta same shi a mahaɗin sulke, ya mutu da faɗuwar rana.

Da Yehoshafat ya koma gida, Yehu ɗan Hanani ya fito ya tare shi da tambaya: ya kamata ka taimaki mugu, ka ƙaunaci maƙiyan Ubangiji? Hanani ɗin nan shi ne maigani da Asa ya jefa a kurkuku don ya tsauta masa kan ƙawance da Ben-hadad sarkin Suriya. Yehoshafat bai kama Yehu ba, ya fi ubansa a nan. Ya shiga gyara, ya naɗa alƙalai a biranen ƙasar. Daga baya Mowabawa da Ammonawa suka taso masa, ya yi shelar azumi, Allah ya ba shi nasara ba tare da ya zare takobi ba, har aka kwana 3 ana kwasar ganima.

Bayan duk wannan ne aka zo kan jiragen. Saboda haka Eliyezer yana magana ne da mutumin da aka riga aka gargaɗa, wanda ya ga mutuwa da idonsa, ya kuma ga ceto. Eziyon-geber tana bakin Bahar Maliya, a yankin da Akaba da Elat suke a yau. Daga can ne jiragen Sulemanu suka je Ofir suka kawo talanti 420 na zinariya. Yehoshafat yana so ya farfaɗo da wannan hanya, ba laifi a ciki. Wanda ya ɗauko ya zama abokin tarayya shi ne matsalar: Ahaziya ɗan Ahab da Yezebel, mai bauta wa Ba'al, wanda da ya faɗo daga tagar bene sai ya aika a tambayi Ba'alzebub, gunkin Ekron, ko zai warke. Mulkinsa shekara 2 ne kawai.

Yanzu ga Hiram. Shi baƙo ne, ba Ba'isra'ile ba, amma masoyin Dawuda ne, ya ba da itacen al'ul da gwanayen ma'aikata don gina Haikali, kuma bai nemi Sulemanu ya rufe ido kan wata mugunta ba. Ahaziya kuwa ɗan gida ne, jini ɗaya, harshe ɗaya, har sunansa yana ɗauke da sunan Ubangiji. Sai dai gidansu ne ya karkashe annabawa, ya sa shaidun zur suka yi wa Nabot ƙarya aka jajjefe shi don gonar inabi. Ka ga ma'aunin da nassi ya ɗauka aiki ne da hali. Na jaddada wannan domin na sha jin ana ɗaukar ayar nan a ce Kirista kada ya yi ciniki ko siyasa da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ayar ba ta faɗi haka ba. Yusufu ya yi wa Fir'auna aiki, Daniyel ya yi wa sarakunan Babila da Farisa. Obadiya ma wakilin fādar Ahab ne, a can ya ɓoye annabawa 100 cikin kogo yana ciyar da su. Mai zuwa coci kowace Lahadi yana iya zama Ahaziya, maƙwabcinka Musulmi mai riƙon amana yana iya zama maka Hiram.

Game da ɗan siyasar da ke nemanka, ban san shi ba, kai ka san shi. Ka tambayi kanka me yake so a wurinka. Sau da yawa abin da ake nema wurin mutumin kirki sunansa ne, a sa shi gaba da rigar mutunci kamar yadda aka sa Yehoshafat. Ka duba yadda yake yi da wanda ya faɗa masa gaskiya, da abin da ya yi da gonar marar ƙarfi. Ka kuma yi addu'arka tun ba ka karɓi komai daga hannunsa ba.

Littafin 1 Sarakuna 22:49 ya ƙara wani abu: Ahaziya ya ce a bar bayinsa su shiga jiragen tare da na Yehoshafat, Yehoshafat ya ƙi. Masana da yawa suna ganin wannan tayi na biyu ne bayan hasarar, ni ma haka nake gani. To amma auren nan an riga an ɗaura shi. Da Yehoram ya hau gado, ya karkashe 'yan'uwansa duka da takobi. Bayan mutuwar ɗansa, Ataliya ta tashi ta hallaka zuriyar sarauta, ta mulki Yahuza shekara 6. Jariri ɗaya ya tsira, Yowash, wanda gwaggonsa Yehosheba ta sace ta ɓoye shi da mai renonsa a ɗakin kwana, ya girma a ɓoye cikin Haikali har ya kai shekara 7.